Allurar da Ɓeraye Suka Fi Shaida

Insulin, wadda masu ciwon sukari ke dogaro da ita tun 1922, feftaid ce, wato gajeriyar sarƙa ta amino asid, tubalan da jiki ke gina furotin da su. Haka ma semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk na Denmak ke sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy. Kafin hukumar FDA ta Amurka ta amince da Wegovy a 2021, an gwada shi a kan mutum 1,961 na tsawon mako 68. Waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuwa kashi 2.4 kacal.

To, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Da wannan farin jini ne wasu feftaid da ba su bi ta wannan tankaɗe da rairaya ba suka cika kasuwar intanet. Wanda ya fi tashe a cikinsu shi ne BPC-157, mai amino asid 15, wanda masu ɗaga ƙarfe ke tsira wa kansu don an ce yana haɗa jijiyar da ta tsinke. Galibin binciken da ake kafa hujja da shi ya fito ne daga rukunin Farfesa Predrag Sikirić na Jami'ar Zagreb a Kuroshiya, kuma a kan ɓeraye aka yi shi. Sakamakon yana da ban sha'awa, ba musu. Sai dai warkewar agarar ɓera ba ta gaya wa likita adadin da mutum zai ɗauka, balle abin da zai biyo baya bayan shekara biyar.

Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta BPC-157 daga Janairun 2022, a 2023 kuma FDA ta sa shi cikin sinadaran da ta ce akwai fargabar illarsu. 'Yan kasuwa sai suka fake da rubuta wa kwalba cewa don bincike ce kawai, ba don ɗan Adam ba, alhali sun san wanda ke saye.

'Yan wasa sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2016 kotun wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34 da suka buga wa kulob ɗin Essendon na Ostareliya saboda wata feftaid mai suna thymosin beta-4, allurar da a cikin kulob ɗin aka yi musu.