Kafin Kuɗin Riɗi Su Tafi Kan Sandar Sauti

Duk wanda ya rabu da tsohon akwatin talabijin mai ƙatuwar ƙeya ya sayi na yanzu mai faɗi ya san cinikin da aka yi da shi: hoto ya ƙara kyau, murya ta shaƙe. Lasifika tana buƙatar fili a bayanta kafin ta iya tura iska, talabijin na zamani kuwa kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba, sai aka cusa masa 'yan ƙananan lasifikoki, galibi masu wat 10 kowace, suna kallon ƙasa ko bango. Wannan giɓin sandar sauti ta zo cikewa, wato doguwar lasifikar nan da ake kwantarwa ƙarƙashin talabijin tana fuskantar masu kallo. A Gadarif ta ƙasar Sudan, da zarar an kai riɗi da dawa kasuwa kuɗi sun shiga hannu, tana cikin kayan da ke fara jan idon magidanci. A ganina, abin da ya kamata ya biya kuɗi a kansa shi ne jin magana tangaram, a irin ɗakin da yake da shi, da irin wutar da yake samu. Sauran rubutun da ke jikin kwali talla ne.

A fara da lambar da mai shago ya fi son nunawa. Idan aka ga an rubuta wat 1,000 ko 2,000 da haruffan PMPO a gefe, ƙarfin da na'urar za ta iya kaiwa ne na ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani yana ƙirga shi yadda ya ga dama. Lambar da ke da ma'ana ita ce mai haruffan RMS. Ita ma kada a ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, domin ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninku. Matsalar dattijon da ke cewa a maimaita masa abin da mai labarai ya faɗa ba ƙarancin ƙara ba ce. Baƙaƙen da ke raba kalma da kalma, irin su s da sh da ts da f, a can sama suke, daga wajen zango 2,000 a daƙiƙa zuwa sama, rugugin ganga kuwa a can ƙasa yake, kuma idan ya yi yawa sai ya binne su. Shi ya sa sanda mai lamba 3.0 ko 3.1, wadda aka ware wa lasifika guda a tsakiya don magana kaɗai, ta fi amfani ga gidan da ke bin labarai da wa'azi da finafinan Hausa fiye da mai ƙaton akwatin rugugi marar wannan lasifika.

Sai batun Dolby Atmos, wanda ya fara shiga gidajen sinima a 2012, yanzu kuma shi ne ke ɗaga farashi. Sandar da ke ɗauke da shi galibi tana harba sauti sama ne don ya bugi silin ya dawo kamar daga bisa kai yake zuwa. Sharaɗinsa silin mai shafe, mai tauri, marar tsayi sosai. Guɗɗiyar da aka san Gadarif da ita, zagayayyen ɗaki mai jinkar ciyawa mai tsini, shanye sautin take yi. Rufin kwano marar silin warwatsa shi yake yi, kuma da damina in ruwa ya sauko a kansa ba a ma maganar wani sauti daga sama. A watannin zafi kuwa, lokacin da ake fito da talabijin tsakar gida bayan isha, babu abin da zai mayar da sautin. Haka nan yawancin tashoshin da risiba ke kamawa a Nilesat da Arabsat sautinsu na hagu da dama ne kawai.

Wani zai ce ai ba labarai kaɗai ake kallo ba, akwai daren da Hilal da Marrikh za su kara a wasan ƙwallo, akwai waƙa. Gaskiya ne, kuma akwatin rugugi yana ƙara wa waɗannan armashi. Amma a tabbata ana iya rage shi daban da sandar, a kuma tuna cewa ko da an ce masa marar waya, soket nasa yake buƙata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da yaƙi ya ɓarke a Afirilun 2023, balle bayan harin jirage marasa matuƙi a tashar wutar Shawak a Janairun 2025 da ya jefa jihar Gadarif cikin duhu. Gidan da ke lallaɓa batirin sola tsakanin fanka da fitila da cajin waya bai kamata ya ƙara baki biyu ba alhali ɗaya zai wadatar. A ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun a cikin lissafin farko. Wani kuma zai ce lasifikoki biyu na gargajiya sun fi araha. Nan ma da gaskiyarsa: masu kyau biyu, a ajiye dama da hagu, sukan doke sanda mai arha. Fifikon sanda shi ne rashin tarkacen waya da kuma lasifikar tsakiya.

Kafin a je kasuwa a leƙa bayan talabijin. In akwai kafar HDMI mai rubutun ARC, tsarin da ya fito a 2009, waya ɗaya ta isa, kuma rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara murya da rage ta. In babu, a nemi ƙaramar kafa mai kusurwa huɗu da ke fitar da jan haske, a sayi sandar da ke karɓar ta. Bluetooth ya dace da kiɗa daga waya, amma a kallo yakan sa baki ya riga murya. A shagon kuma, in mai kaya ya saka waƙa ya ƙure ƙara, a ce ya juya zuwa tashar labarai, ya rage zuwa yadda ake saurare a gida, sannan a ja da baya taku biyar ko shida a ji ko kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya.