Gurzar Hanyoyin Hayaƙi a Injin Dizal Mai Turbo

Wannan maƙala ta taƙaita ne ga wani aiki da kanikawa ke yi wa kan silinda da kuma manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙin silindoji ya miƙa shi ga turbo. An zaɓi kiran aikin da “gurza” maimakon “faɗaɗawa”, domin kalma ta biyun tana ɗauke da kuskuren fahimtar da ke jawo asarar injuna.

A injin da ba shi da turbo, hayaƙi shara ce da ake so ta fita da sauri. A mai turbo kuwa, hayaƙin ne ke juya farfelar da ke cusa wa silinda iska, dabarar da injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a shekarar 1905. Duk lokacin da bawul ya buɗe, hayaƙi kan fito da zafi da tunkuɗa mai ƙarfi. Idan hanyar ta yi faɗi fiye da kima, sai ya baje, gudunsa ya ragu, turbo ya makara wajen ɗauka. Daga nan mai ya fi iska yawa, salansa ta riƙa aman baƙin hayaƙi, babbar mota mai kaya kuma ta yi sanyi a kan hawa.

Saboda haka gwani ba ya bin bakin hanyar, inda ido ke gani. Aikinsa yana can ciki, a kwarmin da ke bayan mazaunin bawul da kuma gajeriyar kwanar da hayaƙi ke karyawa. Nan ake share kaushin da zubin ƙarfe ya bari, a sassauta kaifin kwanar. Hanyar shigar iska, ita kam, ba a cika taɓa siffarta ba, domin a injuna da yawa an murɗa ta ne da gangan don iska ta yi juyi ta gauraya da mai.

A wajen manifol, injin Cummins 6BT mai lita 5.9 ya isa misali. Silindojinsa shida suna tashi bisa jerin 1-5-3-6-2-4, an kuma raba manifol ɗin gida biyu: na ɗaya zuwa na uku a ɓangare guda, sauran a ɗayan. Ta haka tunkuɗar kowane ɓangare ke zuwa da tazarar digiri 240, ba tare da wata ta danne wata ba. Wanda ya gurje bangon da ya raba su da sunan buɗe hanya ya rushe wannan tsari. Haka nan, kanikawa da dama sukan bar bakin manifol ya ɗara na kan silinda kaɗan, don matakalar ta rage komowar hayaƙi.

Ribar aikin ba ta da yawa a injin da ba a ƙara wa mai ko girman turbo ba, domin mafi ƙuncin hanyar yana cikin gidan farfela ne. Haɗarin kuwa babba ne: bayan bangon hanyar hayaƙi akwai ruwan sanyaya inji, kuma gurzar da ta wuce wuri kan bar ƙarfen da zai tsage idan zafi ya kai digiri 700 a ma'aunin Salsiyos.