Yadda Linux ke tsimin tutocin shafukan ƙwaƙwalwa, da abin da ya sa hakan ya shafi wayarka

Duk mai riƙe da wayar Android, a Damagaram yake ko Garwa ko Njamena, yana ɗauke da Linux a aljihunsa, domin a kansa aka gina Android. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, shi ne kanel, wato zuciyar tsarin da ke raba ƙwaƙwalwar aiki ta RAM tsakanin manhajoji. Cikin matsalolin da masu gina shi suka daɗe suna fama da su akwai wata mai kama da ƙarama: a ina za a rubuta halin da kowane yanki na ƙwaƙwalwar yake ciki?

Shafi da tutocinsa

Kanel yana yanka RAM gunduwa-gunduwa, kowace ana kiranta shafi. A yawancin na'urori girman shafi bayit 4,096 ne, don haka waya mai RAM giga 4 tana da shafuka 1,048,576. Kamar yadda mai kula da sito ke da littafin da yake rubuta halin kowane buhu, haka kanel yake da rajista ga kowane shafi, wadda ake kira struct page.

A cikin rajistar akwai tutoci. Kowace tuta bit ɗaya ce, 0 ko 1, amsar tambaya guda: e ko a'a. PG_locked na nuna ana aiki a kan shafin, kada wani ya taɓa. PG_dirty na nuna an sauya abin da ke ciki amma ba a adana shi a ma'ajiya ba, don haka zubar da shi asarar bayanai ce. PG_referenced na nuna an yi amfani da shi kwanan nan. Idan ƙwaƙwalwa ta cika, irin waɗannan tutoci kanel ke dubawa kafin ya zaɓi shafin da zai ƙwace. In ya yi kuskuren zaɓi, sai waya ta riƙa tsayawa.

Me ya hana a faɗaɗa rajistar?

Da yayyafi kogi kan cika. A na'ura mai bit 64, rajistar shafi guda bayit 64 ce, kimanin kashi 1.6 cikin 100 na RAM. A waya mai giga 4, mega 64 ke nan sun tafi kafin a buɗe manhaja ko ɗaya. A babbar kwamfutar ajiye bayanai mai tera 1 kuwa, giga 16 ne. Ƙarin bayit 8 kacal ga kowace rajista zai cinye wasu giga 2 a wannan kwamfutar. Ban da haka, yawancin furosesa suna ɗebo bayanai bayit 64 a lokaci guda, don haka rajistar da ta wuce wannan awo za ta rage gudu.

Saboda haka aka cusa dukan tutocin cikin gurbi ɗaya, mai bit 32 ko 64 gwargwadon na'urar. Kuma ba su kaɗai ke zaune a ciki ba: a saman gurbin ne ake rubuta adireshin shafin, wato yankin ƙwaƙwalwar da yake ciki da rukunin furosesan da ya fi kusa da shi. Tutoci sun haura 20, shi ya sa a na'urori masu bit 32, waɗanda har yanzu akwai su cikin ƙananan na'urori masu araha, wuri ya yi ƙunci sosai.

Dabarun tsimi

Ta farko ita ce a ba bit ɗaya aiki biyu, muddin ayyukan ba sa haɗuwa. An daɗe PG_readahead da PG_reclaim suna raba bit guda, domin ɗaya ta shafi karatu ce, ɗayar rubutu.

Ta biyu, wasu tutocin ba a sa su sai an zaɓe su lokacin harhaɗa kanel. Ta uku, bayanan da ba kullum ake bukata ba ana kai su wata rajista ta gefe mai suna page_ext.

Cunkoson yana da nasa tsada. Tunda tutocin gurbi ɗaya suke, furosesa biyu na iya rububin sauya su lokaci guda, ɗaya ya goge aikin ɗaya. Dole a yi amfani da umarni na musamman wanda ba a katse shi, kuma ya fi na yau da kullum nauyi.

Inda aka dosa

Hanyar da ake bi yanzu ita ce rage yawan abin da ake lissafawa. A Janairun 2022, Linux 5.16 ya shigo da folio, aikin Matthew Wilcox, wanda ke kula da jerin shafuka a matsayin abu ɗaya mai tutoci ɗaya. Android 15 kuma, na 2024, ya fara karɓar shafuka masu kilobayit 16. Idan shafi ya ninka sau 4, rajistocin waya mai giga 4 za su sauko daga mega 64 zuwa 16, sauran kuma su koma hannun manhajojin mai wayar.