Kafin ka damƙa wa ɗan kwangila kuɗin kakarka

Duk wanda ya bi hanyar Bichi zuwa Bagwai, ya ratsa ƙauyukan da ke noma da ruwan madatsar Watari, zai ga gine-ginen da suka kai linta suka tsaya cak. Bulo ya yi baƙi da ruwan damina, rodi ya leƙo sama ya yi tsatsa, tafasa ta tsiro a tsakar ɗaki har awaki na shiga kiwo. Ka tambayi mai ginin, ya ce mai aiki ne ya ci kuɗin. Ka sami mai aikin, ya ce kuɗin ne bai isa ba, kaya sun tashi. Ka ce to a kawo takardar da aka yi, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Manomi ya sha ranar bazara yana ban-ruwa, ya kai tumatir da albasa kasuwar Badume, ya sayar da shinkafarsa, kuɗi ya taru. Sai ya kira birkila, su zauna a kan tabarma bayan la'asar, a yi jinga da fatar baki: ciki biyu da falo, har rufi. Ba a faɗi buhun siminti nawa ba, ba a faɗi irin kwanon da za a sa ba, ba a sa ranar gamawa ba. A nan take ya ƙirga kuɗin kaf ya miƙa, ko ya je wurin mai POS ya tura, ko 'yar takardar da injin ya fitar bai ajiye ba. In ka yi masa magana ya ce, "Haba, ai ɗan gari ne, surukin wane ne, ina zai gudu?" Ba sai ya gudu ba, malam. Yana nan, kuna sahu ɗaya a masallaci, ginin naka kuma yana tsaye. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu muna ganin neman takarda cin fuska ne.

Ba kowane mai aiki ne ɓarawo ba. Da yawa suna riƙe da aiki uku ko huɗu lokaci guda, sai su ɗebi kuɗinka su toshe ramin da suka bari a ginin wani, da niyyar in wani ya kawo nasa su dawo kanka. Kasuwa kuma ba ta jira. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura naira 10,000 a watan Fabrairun 2024. Wanda ya karɓi kuɗi bai sayi kaya nan take ba, rabin aikin ya tafi. Masu ginin ma ba su da gaskiya duka. Ana tsakiyar aiki uwargida ta ce a ƙara kicin, maigida ya ce a ɗaga katanga layi biyu, ba a yi sabon ciniki ba. Ranar biyan ciko sai a ce ai yana cikin jinga. Lebura da mai tifar yashi, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, su ake barin su da zaryar neman haƙƙinsu.

Wasu na ɗauka akwai wata hukuma da za ta ƙwace lasisin mai aikin. Akwai hukumomin, ba a musu. COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, CORBON kuma, tun 1989, ke yi wa ƙwararrun magina, kuma suna da ikon hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida har su soke sunansa. Amma sai wanda ke cikin littafinsu. Birkilan ƙauye da ya koyi aiki a hannun ubangidansa ba shi da lasisin da za a ƙwace. Shi ya sa in aikin babba ne, bene ko masallacin Juma'a ko ajujuwan Islamiyya da jama'a suka yi karo-karo, a nemi lambar rajistar mutum a bincika. Takardar CAC da ake ɗaga muku shaida ce kawai cewa kamfanin yana da suna, ba ta nuna ya iya aiki.

Ku dubi gwamnati ma. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta hana ba ɗan kwangila kafin-alƙalamin da ya wuce kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 30, shi ma sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya masa. A nan Kano, titunan kilomita biyar-biyar da aka bayar a ƙananan hukumomi 44 a zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, da yawa sun yi shekara da shekaru ba a gama ba, ana ta tuhumar juna a kan wa ya karɓi nawa. Gwamnati mai lauyoyi da injiniyoyi ke nan. Kai da ba ka da ko ɗaya, ka ba da ɗari bisa ɗari?

Don Allah a riƙa biya mataki-mataki. A haƙa fandisho a zuba, ka gani da idonka, ka biya. A kai linta, ka biya. A yi rufi, a yi filasta, haka. In da hali ka sayi siminti da rodi da kwano da kanka, ka karɓi rasit, ka bar wa mai aiki kuɗin hannunsa kawai. Ka riƙe wani abu daga cikon, a rubuta tun farko cewa sai ruwan farko ya sauka an ga rufin ba ya yoyo. Takardar ba sai da Turanci ba. Malamin makaranta ya rubuta da boko ko ajami, a sa adadin kaya da kuɗi da ranar gamawa, da abin da za a yi in farashi ya tashi, ku sa hannu gaban mai unguwa da shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa. Duk ƙarin da aka yi daga baya a rubuta a bayanta ranar da aka yi shi.

In rigima ta riga ta tashi, a daina garzayawa caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, sai dai in damfara ce a fili. Kuɗin da za ka kashe a can ya sayi buhunan siminti. A fara da dagaci ko ofishin Hisba, a samo wani magini da ba ruwansa ya kimanta aikin da aka yi da kuɗin da aka karɓa. In sulhu ya ƙi, akwai kotun shari'a, akwai kuma kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019. In aikin gwamnati ne aka yasar a garinku, ku rubuta wa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, ku haɗa da hoton ginin da na allon da ke ɗauke da sunan kamfanin.