Masu Sukuwa Da Kwamfuta Da Allunansu Masu Tsada

A cikin watan Disamba na shekarar 2022 waɗansu ƙwararru masu aiki tare da kamfanin ASUS na ƙasar Taiwan suka ba da sanarwar cewa sun kori wata ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙirar Core i9-13900K ta kamfanin Intel, har gudunta ya haura gigahaz 9, watau bugu sau miliyan dubu tara a cikin daƙiƙa guda. Ba a taɓa kai wannan matsayi ba kafin ranar. Kafin fitowar wannan ƙwaƙwalwa shekara takwas aka yi ana tsaye a kan gigahaz 8.7, wanda wani mutumin ƙasar Finland ya kafa a 1 daga cikin ƙwaƙwalen kamfanin AMD a cikin 2014. Jagoran sabon aikin, Jon Sandström, mutumin Suwidin wanda aka fi sani da Elmor, sai da ya yi ta kwarara wa na'urar ruwan iskar hiliyom, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, sa'an nan ta yarda ta yi wannan gudu, shi ma na ɗan lokacin da za a ɗauki shaida kawai.

Masu wannan wasa suna kiransa obakulokin, ma'anarsa tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, ta yi gudun da ya wuce wanda maƙeranta suka rubuta mata. In muka ce da shi sukuwa ba mu yi nisa da gaskiya ba. Mahayi kuwa ya san ba doki kaɗai ake dubawa ba, har da sirdi da linzami. Sirdi da linzamin furosesa shi ne babban allon kwamfuta, madabod a bakin 'yan kasuwa, faifan nan da ake dasa kome a kansa, daga ita furosesar zuwa ram da katin hoto da ma'ajiyar bayanai, siraran hanyoyin jan ƙarfe suna haɗa su. Allon da aka yi wancan gudu a kansa sunansa ROG Maximus Z790 Apex, kuma an sayar da shi a kanti ga duk mai kuɗin saye. Akwai ire-irensa daga kamfanonin Gigabyte da MSI da ASRock, dukansu na Taiwan, waɗansu ma kuɗinsu ya haura dalar Amurka dubu ɗaya, allo tsura, ba furosesa ba kome.

Yadda gudun yake mai sauƙin ganewa ne. Allon yana ba da wani bugu na tushe, wanda a kwamfutocin yanzu megahaz 100 ne, ita kuma furosesa ta ninka shi da wani adadi. Alal misali, in adadin 55 ne, gudun ya zama megahaz 5,500, watau gigahaz 5.5. Mai sukuwa ko dai ya ɗaga bugun tushen, ko ya ɗaga adadin ninkin. Amma gudu ba ya ƙaruwa sai an ƙara wa furosesa ƙarfin wuta, shi kuwa zafi ya fi ƙarfin wutar saurin hawa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wuta yana jawo ƙarin zafi na kimanin kashi 20, tun kafin a taɓa gudun.

Abin da da yawa daga cikin matasan da ke sha'awar waɗannan alluna ba su sani ba shi ne, asalin sana'ar dabarar talaka ce. A cikin 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300, kuɗinta bai kai dala 200 ba, alhali kuwa babbar yayarta, Pentium II mai megahaz 450, ta haura dala 600. Ba a jima ba sai ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka gano cewa in aka ɗaga bugun tushen ƙaramar daga 66 zuwa 100, adadin ninkinta na 4.5 zai kai ta 450 cif, kuma mafi yawansu suna ɗaukar wannan gudu ba gardama. Ƙarin rabin gudu ke nan a kyauta. Allon da ya yi suna a wannan harka shi ne BH6 na kamfanin Abit, domin a kansa mutum ba ya bukatar buɗe akwati yana cire ƙananan maɓallai da hantsaki, daga kan allon rubutu zai shiga tsarin BIOS ya sauya lamba. Bayan shekara biyu aka sake yin irin wannan da furosesa Athlon da Duron na kamfanin AMD, inda mutane suka riƙa goga bakin fensir a kan waɗansu 'yan gadoji da kamfanin ya yanke a saman furosesar, baƙin fensirin ya maye gurbin wayar, ƙullin da aka yi wa ninkin ya kwance. Fensir na 'yan makaranta, ba wani abu ba.

Kamfanoni ba su daɗe suna kallon wannan asara ba. Maimakon su hana, sai suka kulle ƙofar suka koma sayar da mabuɗin. A 2006 ASUS ya buɗe wani reshe na musamman mai suna Republic of Gamers domin irin waɗannan mutane. Daga 2011 kuwa, sa'ad da Intel ya fitar da Core i5-2500K da i7-2600K, ɗaga bugun tushe ya zama abin da ba ya yiwuwa sai ɗan kaɗan, wanda duk ke son sukuwa dole ya sayi furosesa mai harafin K a ƙarshen sunanta, ya kuma haɗa da allon da aka yarje masa, su biyun kuwa sun fi na gama-gari tsada. Shi Abit da ya buɗe wa talaka hanya bai ga wannan zamani ba, ya bar sana'ar alluna tun ƙarshen 2008.

To, me mutum yake saya in ya zuba irin waɗannan kuɗi? In an kau da fitilu masu launi da ƙarafan ado, waɗanda a ganina an sa su ne domin ɗaukar ido a cikin kanti, babban abin da ya rage shi ne sashen rarraba wuta. Akwatin wutar kwamfuta yana miƙo wa allo bolt 12, ita kuwa furosesa abin da take ci bai wuce bolt 1 da 'yan kai ba. Aikin sauke wannan wuta yana hannun waɗansu ƙananan na'urori da aka jera kewaye da mazaunin furosesa, tiransisto da naɗin waya da kafasito, rukuni rukuni. Mai karatu kada ya raina aikin don ya ji an ce bolt ɗaya. Furosesar da aka ambata a sama an yarje mata ta ci wat 253, in kuwa aka raba wannan da bolt 1.25 za a ga amfiya wajen 200 ne ke ratsa wurin da bai kai tafin hannu ba. Injin walda na bakin titi ma a wannan kewayen yake aiki. Saboda haka ake raba nauyin tsakanin rukunoni masu yawa suna karɓa-karɓa, sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, don kada ɗaya ya ƙone. Allo mai araha yakan zo da rukuni shida ko takwas, manyan kuwa ashirin ko fiye, da ƙarfe mai kauri a kansu yana janye zafi. Amfaninsu yana bayyana ne sa'ad da furosesa ta zabura daga hutu zuwa aiki mai nauyi a cikin ƙiftawar ido: in wutar ta ɗan sunkuya a wannan lokaci na'ura ta tsaya cik, in ta yi tsalle fiye da kima kuma ta ci rayuwar furosesar a hankali.

Wani abin mamaki shi ne, allunan da aka yi musamman domin gasa sukan zo da ramin ram biyu kacal, alhali allon talaka yana da huɗu. Da gangan aka rage. Gajartar hanya tsakanin furosesa da ram tana sa saƙo ya isa da tsabta, ram ɗin ya ɗauki gudu mai yawa. Har ila yau akan sa musu maɓallan kunnawa da kashewa a jikin allon, domin masu gasa ba sa sa shi a akwati, a kan tebur suke shimfiɗa shi. Da ɗan gilashi mai nuna lambar inda na'ura ta maƙale in ta ƙi tashi. Da BIOS guda biyu, in ɗaya ya lalace a koma ɗayan. Da wani maɓalli da ke sa allon ya yarda ya tashi cikin sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri. Masu wannan aiki sukan shafe allon da man basilin, su lulluɓe shi da tsumma, saboda raɓar da sanyi ke tarawa, kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin ruwa da lantarki. Ana yin gasar a bainar jama'a a bikin baje kolin Computex na birnin Taipei, hayaƙin sanyi yana tashi kamar ana dahuwa.

Duk wannan gaskiya ne, aikin injiniya ne na ƙwarai, ba kuwa wanda zai ga an kai gigahaz 9 bai jinjina ba. Sai dai ribar da ke ciki ga mai kwamfuta a gida ta ƙanƙance ƙwarai. Tun daga 2008 furosesoshin Intel suka fara ƙara wa kansu gudu in sun ga akwai sauran sanyi da wuta, na AMD ma suka bi sahu, har ya zama kamfanonin da kansu suke kwashe kusan duk rarar da masu sukuwa suke nema a da. A farkon 2023 Intel ya sayar da furosesar da ke kai gigahaz 6 daga cikin kwalinta, ba wanda ya taɓa ta. Wanda ya sami ƙarin kashi 50 a zamanin Celeron, yau in ya yi fama da fanka ko sanyaya ta ruwa ya sami 'yan kashi kaɗan sai ya gode. A cikin 2021 wani kanti a Amurka mai suna Silicon Lottery, wanda sana'arsa ita ce gwada furosesoshi ya ware masu ƙafa ya sayar da tsada, ya rufe, yana mai cewa bambancin ya yi kaɗan. A shekarar kuma Intel ya daina sayar da inshorar da yake yi wa masu sukuwa.

Da abin ya tsaya kan masu sha'awa da kuɗinsu, da ba mu ce kome ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma gasar da ke tsakanin masu ƙera alluna ta shafi har waɗanda ba su taɓa jin sunan wasan ba. Kowane kamfani yana so a ce allonsa ya fi gudu in 'yan jarida sun gwada, don haka da yawa suka riƙa fitar da alluna da aka riga aka cire musu iyakar wuta tun daga masana'anta. A watan Afrilu na 2023 aka sami rahotannin furosesoshin AMD ƙirar Ryzen 7000X3D suna kumbura suna ƙonewa tare da mazauninsu, har kamfanin ya tilasta wa masu alluna su tsayar da wutar wani sashe nata a kan bolt 1.3. A 2024 kuma sai ga masu manyan furosesoshin Intel na zubi na 13 da na 14 suna kukan na'urorinsu na tsayawa ba dalili. Bayan bincike kamfanin ya amsa cewa akwai kuskure a cikin umarnin da ya dasa wa furosesar, wanda ke sa ta nemi wuta fiye da kima, ya kuma lissafa allunan da suka wuce ƙa'idar wutarsa a cikin musabbaban. Ya fitar da gyara, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma furosesar da ta riga ta ci wuta gyaran ba ya dawo da ita.

A nan ne maganar ta iso gida. Matasanmu masu aikin haɗa fim da zanen gine-gine da wasannin kwamfuta sun fara haɗa na'urorinsu da hannunsu, suna sayen kaya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko su yi odarsu daga waje da dala. Lambobin da suke gani a talla an same su ne a ɗakuna masu sanyin digiri ashirin da 'yan kai. A Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara yana haura digiri 40, furosesa kuwa in ta kai wajen digiri 95 zuwa 100 da kanta take rage gudu don ta tsira, ko a kan allon nawa aka ɗora ta. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ƙarfen sanyaya cikin 'yan makonni. Ga ɗaukewar wuta da komawa kan janareta, abin da rukuni ashirin na jikin allo ba za su yi maganinsa ba, domin aikin akwatin wuta ne da batirin tsaro. Garanti kuma, ko a ƙasashen da ake ƙera kayan, sukuwa tana iya ɓata shi, balle wanda zai mai da kaya ƙetare daga Legas ko Kano.

Wanda yake da kuɗin babban allo guda, in ya sayi matsakaici mai sashen wuta nagari, canjin zai ishe shi ƙarin ram, da akwatin wuta mai inganci, da abin sanyaya mai kyau, watakila har da batirin tsaro. Wanda kuma ya riga ya mallaki furosesar Intel ta zubi na 13 ko na 14, ya kamata ya sabunta BIOS ɗin allonsa zuwa wanda ya fito daga ƙarshen 2024 zuwa sama, ya zaɓi tsarin wuta na asali wanda Intel ya ba da, ya kuma tabbata akwai batiri ko janareta a kunne kafin ya fara, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa allon yana iya ƙin tashi.