Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Muka Sauya Ƙaramin Giyabos Na Motar Ƙungiya

Ƙungiyoyinmu da yawa suna da tsohuwar mota guda ɗaya wadda kowa ya dogara gare ta. Ita ke kawo taki, ita ke kai masara kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Tamu Land Rover ce ƙirar 110 mai shan gas. A daminar bara ta kwanta mana, muka saya mata kayan gwanjo, muka yi kuskure, muka kuma gyara. Mun ga ya kamata mu ba ku labari domin kada ku faɗa ramin da muka faɗa.

Mene ne ƙaramin giyabos?

Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana da giyabos biyu. Babban shi ne wanda direba yake sauyawa daga giya ta ɗaya zuwa ta biyar. A bayansa akwai ƙarami, wanda makanikai sukan kira ogzilari. Aikinsa iri biyu ne. Na fari, yana raba ƙarfin inji gida biyu, ya aika wa ƙafafun gaba da na baya ta farfela biyu. Na biyu, yana da babbar giya ta tafiyar yau da kullum, da ƙaramar giya ta hawan dutse da fita daga laka.

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948. Ƙirar 110 ta fito a 1983, aka sa mata suna Defender a 1990, aka daina yin tsohuwar ƙirar a Janairun 2016. Ƙaramin giyabos ɗinta sunansa LT230. Irinsa ne kuma a cikin Discovery ta fari, wadda ta fito a 1989. Daga waje kamanninsu ɗaya, ramukan noti ma ɗaya. A nan ne tarkon yake.

Yadda namu ya mutu

Laifinmu ne. Mun daɗe muna ganin ɗigon mai a inda motar take kwana, muna cewa sai bayan girbi. Daga nan ta fara kuka kamar injin niƙa in ta yi gudu. Ran da makaniki ya kwance notin zubar da mai, abin da ya fito bai cika kofi ba, ga kuma ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Boris sun ƙone, haƙoran giyar tsakiya sun cinye. Da muka yi lissafi, sayen na gwanjo ya fi mana sauƙi bisa ga sayen kayan ciki ɗaya ɗaya. Kwamiti ya zauna, aka taɓa kuɗin da aka ajiye domin taki, aka aike mu birni mu uku tare da ma'aji.

Mun sami guda mai tsabta, ba tsaga, ba kuka. Muka ɗaura shi cikin kwana biyu. A kan kwalta motar ta yi daɗi ƙwarai, inji ya rage ƙara, har direba yana murna. Amma da muka loda taki muka kama hawan da ke shiga ƙauyenmu, sai ta zama kamar jakin da bai ci ba. Inda take hawa da giya ta uku sai da ta biyu. In ta tsaya a gangare, kafin ta tashi sai warin kuloci ya cika mota.

Wani dattijon makaniki ne ya warware mana. Ya goge lambar da ke jikin akwatin, ya ce, "Malam, wannan ai na Discovery ne kuka sa wa motar kaya."

Ga bayanin. A na irin motarmu, in sandar da ke shigowa ta juya sau 14 da ɗan kaɗan, farfela za ta juya sau 10. Masu ƙira suna rubuta wannan 1.410. A na Discovery kuwa sau 12 da ɗan kaɗan ne, wato 1.222, na baya-baya kuma 1.211. An yi shi domin gudu a kan hanya mai kyau. Bambancin ya rage wa motarmu ƙarfin ja da kusan kashi 13 cikin 100. Ba a jin wannan in mota ba kaya. Da buhunan taki a kan tudu kuwa, ana ji sarai.

Abin da ya cece mu shi ne ma'aji ya sa mai kaya ya rubuta cewa za a iya mayarwa cikin mako biyu. Mutumin ya cika alkawari, ya sauya mana. Amma mun yi hasarar kuɗin aiki sau biyu, taki kuma ya makara wa waɗansu gonaki.

Kafin ku biya kuɗi

1. Ku tafi da lambar tsohon, in da hali ku tafi da shi kansa. Ba a cinikin biri a sama. A LT230, lambar da ta fara da 22D ita ce 1.410, 28D ita ce 1.222, 20D kuma 1.667, wadda aka sa wa 110 na farko masu ƙaramin inji.

2. Kada ku tsaya ga lamba kaɗai, gama mai yiwuwa an taɓa sauya kayan ciki. Ku sa shi a babbar giya, ku kulle shi, ku yi alama da alli, ku juya bakin farfela sau 10 kuna ƙirga juyin giyar shiga. Ko yaron firamare zai iya wannan.

3. Ku gwada ƙaramar giya. A nan, juyi 10 na shiga yana ba da 3 na fita.

4. Ku tabbata makullin tsakiya yana aiki. In ya kama, bakin gaba da na baya za su juya tare. Waɗansu na Discovery ƙira ta biyu ba su da wannan makulli, alhali shi ne mai fid da mu daga laka.

5. Ku buɗe murfin ƙasa ku duba haƙora da tocila. Mai da ya yi fari kamar madara alamar ruwa ce. Ƙarfe a cikin mai alamar ciwo ce.

6. Ku duba ƙananan haƙoran da ke cikin giyar shiga, inda sandar babban giyabos take zama. A tsofaffin ƙira mai ba ya isa wurin, sai su cinye su zama jar ƙura. Daga baya aka riƙa huda wannan giya domin mai ya shiga. Mai huda ita ce ta kirki. Ku duba sandar motarku ma, domin in ta cinye, sabon akwati ba zai warkar da ita ba.

Ranar aiki

Maganar rai ta fi ta kuɗi. Birkin hannu na wannan mota a jikin ƙaramin giyabos yake. Da zarar an kwance farfelar baya, motar ba ta da birkin hannu, sa ta a giya ma ba zai riƙe ta ba. Saboda haka a yi aikin a fili mai laushin daidai, a tokare ƙafafu huɗu gaba da baya da manyan duwatsu ko gungume, a cire kan batir. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kori yara daga wurin.

Akwatin yana da nauyi kusan na buhun taki, kuma ba ya zama daidai, gefe guda yake rinjaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu mutum uku muka yi, biyu a ƙasa da jak, ɗaya a cikin mota yana riƙe da igiya ta ramin da ke tsakanin kujeru.

A zubar da mai tukuna. A yi wa bakin farfela alama kafin a kwance. Notocin da ke haɗa giyabos biyun tsawonsu ba ɗaya ba ne, in aka sa dogo a ramin gajere zai taɓa giyar ciki ya hana ta juyawa. Mu huda kwali muka yi, muka jera su yadda suka fito. A sa sababbin robobin tare mai tun akwatin yana ƙasa, gama kuɗinsu kaɗan ne, wahalar sake saukewa kuwa babba ce. A ɗauki ƙaramar giyar maleji daga tsohon a mayar cikin sabon. Wajen turawa, a bi a hankali kada sanda ta yage roba. In ya ƙi shiga, a juya bakin farfela kaɗan har haƙora su haɗu. Kada a ja shi da noti da ƙarfin tsiya.

Daga nan a zuba man giyabos mai lamba 90 har ya fara dawowa ta ramin zubawa. Yana shan lita biyu da ɗan ƙari. A daidaita birkin hannu, a gwada mota ba kaya, a leƙa ko akwai yoyo, sa'an nan a gwada ta da kaya a kan tudun da aka sani.

Domin kada a maimaita

Direba ya kulle makullin tsakiya a laka ko yashi kawai, ya buɗe da ya hau busasshiyar hanya. Tafiya a kulle bisa kwalta tana murɗe farfela da haƙora. A tsaya kafin a shiga ƙaramar giya. Bayan ƙetare rafi mai zurfi a duba launin mai.

Yanzu mun ajiye littafi a cikin mota. Ranar Asabar ta farko a kowane wata, direba da mutum ɗaya na kwamiti suna buɗe notin duba mai, su sa yatsa, su rubuta. Aikin bai kai minti goma ba. Tsohon akwatin kuma ba mu sayar wa 'yan gwangwan ba, yana ɗakin ajiya domin kayan gyara.

Wannan bayani na Land Rover ne. Masu Toyota ko wata mota, lambobinku dabam ne, amma tambayar ɗaya ce: daga jikin wace mota aka ciro shi, kuma sau nawa yake juyawa? In ƙungiyarku tana shirin irin wannan aiki, ku gaya wa malamin gona na yankinku ya aiko mana, za mu zo da alli mu ƙirga tare.