Abincin Turke da Kitsen Nama: Abin da Ke Faruwa a Cikin Tumbin Sa

A ƙasar Gwandu da Kalgo ta Jihar Kebbi, kiwon turke sana'a ce da magidanta da yawa ke zuba jarinsu a ciki, musamman idan Babbar Salla ta gabato. Akan sayo ramammen sa, bokolo ko rahaji, a ɗaure shi wata uku zuwa huɗu ana ba shi harawa da dusa. Sai dai shanu biyu masu nauyi ɗaya kan iya ba da nama iri dabam, kuma yawancin wannan bambanci daga abinci yake tasowa.

Cikin saniya kashi huɗu ne, mafi girmansu shi ne tumbi. A nan ne ƙananan halittu da ido ba ya gani ke narka abin da ta ci. In ciyawa ce ko kara, sukan fi samar da wani sinadari mai suna asitet. In kuwa hatsi ne ko dusa mai gari, sai sinadarin furofiyonet ya ƙaru, hanta kuma ta mayar da shi sukari. Kitsen da ke ratsa cikin tsoka, wanda ke sa nama laushi da maiƙo a baki, ya fi dogara da wannan sukari. Shi ya sa san da ya ƙoshi da dusar gero da ta dawa yakan fi na daji wannan irin kitse.

Jiki kuma yana da tsarinsa na girma. Ƙashi ne farko, sa'an nan tsoka, sai kitse daga baya. Shi kansa kitsen yakan fara taruwa a kewayen ƙoda da hanji, ya bi tsakanin tsokoki da ƙarƙashin fata, kana ya shiga cikin tsoka a ƙarshe. A nan ne mai turke ya kamata ya yi lissafi. Kusan kashi 75 cikin 100 na tsoka ruwa ne, alhali kitse ruwansa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ƙara kilo ɗaya na kitse ya fi cin abinci nesa ba kusa ba. Ramammen sa yakan yi saurin murjewa a makonnin farko, amma da zarar ya cika, dusar da ake ƙara masa takan koma kitsen ciki wanda mahauci ba ya saye da daraja.

Wanda ya saba shiga mahauta zai lura da launi. Kitsen san da ya yi kiwo a ɗanyar ciyawar damina, ko burgun fadama, yakan yi rawaya saboda sinadarin karotin da ke cikin koren ganye, na turke kuma yakan yi fari. Rawayar nan ba alamar cuta ba ce. Hasali ma naman ciyawa ya fi ƙunsar nau'in mai da ake kira omega-3, ko da yake yawansa bai kai ko kusa da na kifi ba, don ƙananan halittun tumbi kan sauya yawancinsa kafin ya isa jini.

Wanne ya fi ke nan? Ya danganta da abin da za a yi da naman. A Amurka da Japan, kitsen cikin tsoka ne babban ma'aunin daraja. A wurinmu mai kilishi jan nama yake nema, domin kitse kan sa kilishi saurin lalacewa. Mai balangu da mai tsire kuwa sun fi son wanda ke da maiƙo da tozo.

Noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun Kebbi tun bayan shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, don haka bambaro da dusar shinkafa suka wadata. Amma furotin ɗin bambaro bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, halittun tumbi kuwa suna bukatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Dole a haɗa shi da harawar wake ko ta gyaɗa, da ƙuliƙuli ko angurya. Ana kuma inganta shi ta jiƙa kilo 100 da ruwan da aka narka kilo 4 na takin yuriya, a rufe ruf kamar mako uku. Tsurar yuriya guba ce ga dabba, sai a nemi jagorar malamin gona.

Haka nan ba a afka wa sabon sa da hatsi rana ɗaya. Tumbinsa zai yi tsami, ya kumbura, har ya kan kai ga mutuwa. A riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin kamar mako biyu.

Wahalar hanya ma tana ɓata abin da aka tara. San da ya sha doguwar tafiya a mota zuwa Legas ba ci ba sha yakan ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarsa. In an yanka shi a haka, naman yakan yi duhu kuma ba ya jure ajiya. Hutun kwana ɗaya ko biyu da ruwa da harawa kafin yanka yana rage wannan asara.